Garar da Ta Kayar da Jirgi

Alhaji Magaji ya mayar wa Garzali lefensa washegarin sadakar arba'in ɗin Mu'azu.

Mata ne suka kawo akwatunan da guɗa. Direban shago ne ya mayar da su a bayan akori-kura, an rufe su da tamfol saboda ruwa. Ba a haɗa shi da dattijo ba, ba a ba shi saƙon baki ba. Kafin motar ta dawo daga Tarauni, duk layinsu a Gyaɗi-Gyaɗi ya ji.

Saudatu tana tsaye a tsakar gida cikin fararen kayan aikinta lokacin da ake fitar da su. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta ta wuce asibitin koyarwa, inda take aikin jinya, don ranar aikin safe gare ta, kuma marasa lafiya ba ruwansu da lefen kowa.

Su biyu Alhaji ya haifa, ita da yayanta Mu'azu. Uwarsu ta rasu tun suna ƙanana, ƙanwar Alhaji, Gwaggo Hasana, ita ta riƙe su. Garzali kuwa abokin Mu'azu ne tun aji ɗaya, a zauren gidan nan ya ci tuwo har ya girma. Ya tafi Zariya ya koyi tuƙin jirgin sama. Ya samu aiki da wani kamfani mai ɗan ƙaramin jirgi, kujera huɗu, wanda ake shawagi da shi a kan fadamun Haɗeja don gano makwancin tsuntsayen jan-baki kafin a yi musu feshi. Da ya nemi Saudatu, Alhaji bai ja magana ba. Har a kasuwa ya riƙa faɗi cewa surukinsa ba a ƙasa yake neman abinci ba.

Abin da gari ya sani game da hatsarin kaɗan ne, kuma shi ake ta juyawa a majalisu.

A makon da soja za su miƙa mulki, Alhaji da Mu'azu sun je Haɗeja sayayya. Alhaji ya yi wa jam'iyya hidima, an ba shi wurin zama a rumfar manya ranar rantsar da sabon gwamna. Motarsa ta lalace ana gobe rantsuwa. Garzali yana can a bakin aiki, kuma da safen zai komo Kano da jirgi ba kowa a ciki. Alhaji ya ce to shi ke nan, ta sama zai shiga gari.

Jirgin ya yi gudu a filinsa na jar ƙasa, ya tashi, bai kai tsawon giginya biyu ba ya karkata ya faɗo a gonar da ke bayan filin. Ƙugun Alhaji ya karye. Garzali ya karye a hannu, fuskarsa ta tsage. Mu'azu, da ke zaune a baya, ƙirjinsa ya murƙushe. Aka kawo shi asibitin da ƙanwarsa ke aiki, bai cika mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Masu bincike suka zo daga Legas suka tambayi Garzali. Ya ce jirgi ne ya ƙwace masa. Suka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Suka karɓe lasinsa suka koma.

Gari ya ce yaro ne ya ga suruki a gefensa ya so ya yi gwaninta. Wasu suka ce dama bai iya ba.

Saudatu ta san abin da gari bai sani ba.

Wata la'asar, ana jibi zai rasu, tana goge wa Mu'azu baki da auduga, ya riƙe mata hannu. Numfashi yana yi masa wuya, maganar a gutsure take fitowa, amma hankalinsa garau. Ya ce sayayyar da suka je yi ta gararta ce, abincin da ake kai wa gidan ango bayan biki. Buhunan shinkafa 'yar Haɗeja, kwandunan busasshen kifi, garwar man shanu. Alhaji ya rantse ba zai bar su a hannun makanike ba. Ya sa lebura suka cusa su a bayan kujeru, har can cikin wutsiyar jirgin, ragowar aka jibge a kujerar da ke gefen Mu'azu.

Ya ce Garzali ya zagaya jirgin, ya dubi tayoyin, ya dawo ya durƙusa. Ya ce, Baba, kayan nan. Alhaji ya ce me ya same su. Garzali ya sake duban tayoyin. Can ya sake cewa, Baba, da za a rage ko buhu biyu. Sai Alhaji ya yi dariya a gaban lebura da masu gadin filin, ya ce:

"Gararka ce fa. Kai za ka ci. Tun ba a ɗaura ba za ka fara raina abin da na yi maka?"

Mutane suka yi dariya. Garzali ya sunkuyar da kai, ya hau.

"Hancin jirgin ne ya ɗaga ya ƙi saukowa," in ji Mu'azu. "Na ga ya danna sitiyarin da hannu biyu har da ƙirjinsa. Nauyin baya ya fi ƙarfinsa. Saude, kada ki bari su ci namansa."

Shinkafar kuwa ta watse a gonar, mutanen ƙauye suka kwashe kafin kowa ya zo daga Legas.

Tun ranar take ɗauke da maganar nan. Tana zaman makoki da ita, tana juya mahaifinta a gado da ita. Ta ce wa ranta a bari a yi arba'in, zukata su huce, Baba zai tuna da kansa. Aka yi arba'in, abin da Baba ya tuna shi ne lefe.

Da ta taso daga aiki ranar da aka mayar da lefen, ruwa ya ɗauke, layin ya cika da taɓo. Tun daga bakin titi ta hango motar Bello a ƙofar gidansu, da 'yar tutar jam'iyya a goshinta.

Bello ɗan aminin Alhaji ne, kuma sabon ɗan majalisa. Ya taɓa nemanta kafin Garzali, ta ce a'a, ya haƙura. Ranar hatsarin shi ya bar rumfar rantsuwa ya tafi da motar asibiti har Haɗeja ya ɗauko su. Shi ya tsaya a kan jana'iza. Ba wanda zai ce Bello bai yi ba.

Ta same shi yana fitowa daga ɗakin Alhaji. Ta rusuna ta gaishe shi, ta kira shi Honarabul kamar kowa. Ya ce ta daina, a gidan nan sunansa Bello. Ya tambayi aiki, ya tambayi haƙuri. Sannan ya rage murya ya ce Baba ya yi masa wata magana, shi kuma bai ce komai ba tukuna, don ba ya son abin da ba ta so. Amma ta sani har yanzu yana nan inda ta bar shi.

Ta ce ta gode. Ta shige.

Gwaggo Hasana tana tsince wake a bakin madafa, ba ta ɗago ba.

"An gaisa da mutanen arziki? Wannan dai motarsa a ƙasa take tafiya. In ta mutu sai a fito a tura."

Saudatu ta ce Gwaggo ta bari.

Gwaggo ta ce ba za ta bari ba. Ta ce ita tun farko ba ta ga dalilin da ɗan Adam zai bar ƙasar da Allah ya shimfiɗa masa ya je yana gasa da shaho ba. Ta ce ɗan sama jannatin nan ya ci mata ɗa, yanzu kuma a ɗauki 'yar da ta rage a ba shi? Tana faɗa tana watsa tsakuwar wake da ƙarfi, har muryarta ta karye a kan sunan Mu'azu, ta ja bakin zane ta toshe baki.

Saudatu ta tsuguna ta dafa ta. Gwaggo ce ta goyi Mu'azu a bayanta. Ba a yi wa irin wannan gardama.

Bayan la'asar ta ɗebi ruwan zafi ta shiga ɗakin mahaifinta, kamar kullum.

Alhaji Magaji mutum ne da bai taɓa zama a gida da rana ba. Yanzu yana kwance, ƙafa a miƙe, rediyo a gefen kai tana ta kawo sunayen sababbin kwamishinoni. Ya rame. Gemunsa ya yi fari fat a 'yan makonnin nan. Babbar rigar da ya ɗinka don rantsuwa tana rataye a bayan ƙofa, ba wanda ya isa ya sauke ta.

Ta gasa masa ƙugun, ta shafa magani, ta motsa masa ƙafar kamar yadda likita ya ce. Ya cije bai yi nishi ba. Da ta gama ba ta tashi ba. Ta kashe rediyon, ta durƙusa a gaban gadon.

Ya dube ta. Ya ce in maganar akwatuna ce, an gama.

Ta ce ba ta akwatuna ba ce, saƙon Yaya Mu'azu ne.

Ta faɗa masa duka. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Idonta a kan tabarma, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ta faɗi buhuna, ta faɗi durƙuson Garzali sau biyu, ta faɗi dariyar lebura. Har maganar da shi Alhajin ya yi, sai da ta faɗa.

 A waje wani mai acaba yana ta faman tayar da babur.

"Wato shinkafa ce ta kashe mini ɗa," in ji Alhaji.

"Baba, Allah ne ya karɓi abinsa. Amma ba gwaninta Garzali ya yi ba."

"Shinkafar da na sayo miki. Da hannuna."



Ya ce shekara nawa yana loda manyan motoci zuwa Kurmi, ba a taɓa koya masa lodi ba. Ya ce mai ciwo a bakin mutuwa, an cika shi da allurai, komai yana iya faɗa. Ya ce in da gaske kaya ne, me ya hana shi wanda ya yi karatun ya faɗa wa mutanen Legas? Ya ce shi bai ji wani ya ce masa a rage kaya ba. Ya maimaita wannan, bai ji ba. 

Ta ce, Baba, kunyarka ya ji. Ta ce har yanzu ita yake ji.

Alhaji ya juya fuska bango. Ya daɗe a haka, har ta zaci ya sallame ta. Sannan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Jibi Juma'a. In an sauko daga masallaci 'yan'uwana za su zo duba ni. Ya zo. Ya tsaya a gabansu, ya dubi idona, ya ce kayana ne suka kayar da jirgi. In ya faɗa da bakinsa, ni Magaji, ko a kan keken guragu ne, zan je Tarauni in karɓo akwatunan nan. In bai zo ba, ranar Lahadi iyayen Bello za su zo, kada ki ƙara yi mini maganarsa."

Ta fito da kwanon ruwan a hannu. Gwaggo Hasana tana tsaye a bayan labule, ta ji komai. Fuskarta ta canza, tsiwar ta tafi.

Ta jawo Saudatu gefe ta ce, cikin raɗa, ita ta ga lokacin da yayanta Alhaji yake lissafin buhunan nan kafin su tafi, tana ta cewa sun yi yawa, gara ce ba ciyar da gari ba.  Sannan ta ce:

"Amma ke, ɗan da zai dubi idon suruki a gaban mutane ya ce kai ka kashe ɗanka, wa zai ba shi 'ya? Ko ya ba ki, da wane ido za ki zauna da shi?"

Saudatu ta ce ita dai ta ji an buɗe ƙofa, za ta bi.

Washegari da ta tashi daga aiki ba ta biya gida ba. Ta hau tasi ta sauka a bakin kasuwar Tarauni, ta ratsa ta cikin masu kayan miya, ta shiga lungun su Garzali. Tun ranar hatsarin ba ta sa shi a ido ba sai sau ɗaya, daga nesa, ranar sadakar uku, yana zaune can ƙarshen tabarma ba wanda ya matsa kusa da shi.

Mahaifiyarsa, Inna Zainab, ita ta amsa sallamar. Da ta ga Saudatu sai ta kama haɓa. Ba ta tambayi komai ba, ta rungume ta, suka yi kukansu a tsaye. Akwatunan suna jere a barandar, har yanzu da tamfol ɗin, ba wanda ya taɓa su. Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta kira shi, ta koma bakin ƙofar ciki ta zauna da carbinta inda za ta gan su.

Ya fito. Hannun dama yana rataye a wuya. Tabon ya taso daga gira ya sauka har kunci, ɗinkin bai gama baƙi ba. Ya zauna nesa da ita, ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya tambayi jikin Baba.

Ta ce da sauƙi. Ta dubi hannun, ta tambaya wa ya ɗaure masa shi haka. Ya ce shi da kansa. Ta ce ai ga alama, Kyaftin, ko akuya ba a ɗaure ta haka. Ya yi ɗan murmushi, rabin fuskar bai motsa ba.

Ta ce, Yaya Mu'azu ya faɗa mini.

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi ƙasa.

Ta kwashe yadda suka yi da mahaifinta ta faɗa masa, har sharaɗin gobe, har zuwan Lahadi. Tana magana da sauri, kamar mai tsoron kada a katse ta. Ta ce ba zagi zai yi ba, ba ƙarya zai yi ba. Magana ɗaya ce, gaskiya, kuma Baban ne da kansa ya nema. Ta ce ita za ta tsaya a bayan labule, Gwaggo ma yanzu ta sani.

Garzali ya ce abin da ya faɗa wa mutanen Legas ba ƙarya ba ne. Jirgi ya ƙwace masa.

Ta ce me ya sa ya ƙwace?

Ya ce don ya tayar da shi. Ya ce a Zariya abin da aka fara koya musu ke nan, kafin a bar su su taɓa komai: matuƙi ne mai cewa a tashi ko a fasa, ko shugaban ƙasa ne a kujerar gefe. Ya ce ya dubi tayoyin nan ya ga yadda suka kwanta, ya ga wutsiyar ta kusa taɓa ƙasa. Baba bai san abin da wannan ke nufi ba. Shi ya sani.

"Da na ce a'a, Saude, da ya yi fushi na mako guda. Da yanzu Mu'azu yana nan yana tsokanarki. Ban iya ba. Bakina ya mutu a gabansa."

"To ka gyara gobe."

"Ba gyara ba ne."

Ta ce to mene ne? Ta ce kunyar nan ta riga ta ci rai ɗaya, ta ci aikinsa, ta ci sunansa a gari, yanzu ya zauna yana kallo ta ci aurensu? Ta ce yara a layinsu suna kiransa mai gwaninta. Ta ce a asibiti in ta shiga ɗakin hutu sai a yi shiru. Ta ce ta jure duk wannan don ta san gaskiya, tana jiran ranar da zai buɗe baki. Kukan da ta hana kanta ranar da aka fitar da akwatuna ya zo mata yanzu, ta sa mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Ya bar ta ta yi. Daga bakin ƙofa carbin Inna ya tsaya.

Da ta lafa, ya tambaye ta ko Baba yana barci da dare. Ta ce kaɗan. Ya tambaya ko yana cin abinci. Ta ce sai an yi da gaske.

Ya ce akwai abin da Mu'azu bai gani ba, don ya suma. Da jirgin ya tsaya, shi ya fara fita, ya jawo Baba da hannu ɗaya ya kwantar da shi a kan kunyar gona. Ya koma ciro Mu'azu. Buhu biyu sun tsinke daga baya sun danne shi a jikin kujera. Baba yana kwance yana kallo lokacin da yake ture su. Shinkafa tana zuba a kan rigar Mu'azu.

"Ya gani, Saude. Da idonsa. Ba abin da zan faɗa masa gobe wanda bai sani ba."

Ta sauke mayafin a hankali.

Ya ce dattijon nan abu ɗaya ke riƙe da shi yanzu, yana da wanda zai ɗora wa. In ya farka cikin dare ya tuna, sai ya ce Garzali ne, ya samu ya runtsa. In aka tsaya a gaban 'yan'uwansa aka ƙwace masa wannan, me ya rage masa? Ɗa ɗaya gare shi. Ya ce ta fi shi sanin jikin mutum, ta faɗa masa tsakani da Allah, zuciyar Baba za ta ɗauka?

Saudatu ta tuna yadda ya rame, yadda gemunsa ya yi fari fat. Ta tuna rigar da ke bayan ƙofa. 

Ta ce to me ya sa ya ce ka zo?

Ya ce watakila don ya san ba zan zo ba. Watakila kuma so yake wani ya faɗa, ya huta. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai gwada a kan ran tsoho ba.

"Ni fa?" in ji ta. "Shi yana da kai. Kai kana da kunyarka. Ni wa nake da shi ranar Lahadi?"



Ta matso har gefen tabarmarsa, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan nan. Ta ce ba wanda zai ɗaura mata aure da Bello in ba ta so, ita ba yarinya ba ce, Bellon ma ba zai karɓa ba. Amma Baba ba zai taɓa ba da ita ga Garzali ba muddin maganar tana yadda take. Za su tsufa, ita a Gyaɗi-Gyaɗi, shi a Tarauni, titi ɗaya a tsakaninsu. Ta ce ba sai ya ɗaga murya ba. Ba sai ya dubi idonsa ba, ya durƙusa ya dubi ƙasa. Ya ce kawai, Baba, na ce a rage. Ta ce za ta tanadi maganin hawan jinin Baba a hannu, za ta kira likita ya zauna a zaure. Ta haɗa shi da Allah. Ta haɗa shi da zumuncinsa da Mu'azu, wanda ya kashe sauran numfashinsa don ya wanke shi.

Inna Zainab ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ta ce, Garzali, yarinyar nan ta tako har gidanku. Ta ce ita ba ta ce ya yi ba, ba ta ce kada ya yi ba, amma ya dubi Allah ya dube ta.

Ya ɗago ya dube ta. Rabon da ya yi mata irin wannan kallon tun ranar da aka kawo lefe. Idon da ke gefen tabon yana zubar da ruwa, bai share ba.

Aka fara kiran magariba a masallacin kasuwa.

Saudatu ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta ce gobe in an sauko daga masallaci za ta bar ƙofar zaure a buɗe. Ta ce zai zo?

Ya ce zai zo ya gaida Baba, in an bar shi ya shiga. Zai durƙusa ya nemi gafara a gaban kowa, don akwai abin da zai nemi gafara a kansa.

"In ya tambaye ka fa? In ya ce, Garzali, kayana ne?"

Ya dafa bango da hannun hagu ya tashi tsaye.

"Ko zai tambaye ni sau ɗari, Saude, ko a kan haka zan rasa ki. Ba zan faɗa ba."